Kowa Ya Kama Kunyarsa

Duk wanda ya ce maka Levi Maikano da kansa ya ajiye horar da 'yan ƙwallon Kwarin Gawo saboda ciwon gwiwa, ka ce masa ni Sama'ilu na ce ƙarya yake yi. Korarsa muka yi. Ina wurin, ni ne ma sakataren kwamiti, kuma da hannuna na rubuta takardar. Shekara biyu ke nan, amma har yau in na tuna sai haushi ya kama ni, kuma ba Alhaji shugaban ƙungiyarmu kaɗai nake jin haushi ba.

Gidan su Levi na can bayan rafi, unguwa ce mai gida shida da coci ɗaya mai rufin kwano. Tun kakanninsa ba su san wata sana'a ba sai noma. Babansa, marigayi Maikano, shi ne mutumin da in an kira gayya, daga nan har kusa da Gezawa, ake bar wa kunyar tsakiya. Wanda bai taɓa zuwa gayya ba bari in gaya masa yadda take. Maza ne za su jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, kowa ya kama kunya ɗaya, wato tudun nan da ake shuka a kai, su tafi tare kafaɗa da kafaɗa har ƙarshen gona. Na tsakiya shi ke riƙe layi. Wanda ya yi gaba don ya burge 'yan matan da suka kawo kunu, ciyawa zai bari a bayansa. Wanda ya makara kuma ya ɓata layin kowa. Maikano ba ya zagi ba ya faɗa, in ya ga layi ya karkace sai ya ce, "Kunya," kowa ya dubi na kusa da shi ya daidaita.

A nan Levi ya tashi, kuma da wannan idon ya shigo ƙwallo. Lamba biyar yake bugawa, ni kuma ina gola, shekara goma sha ɗaya ina tsaye a raga ina kallon ƙeyarsa. Ba shi da gudu, ba ya iya yanka, in ya buga ƙwallo sama sai ka rasa ko wa ya nufa. Amma ɗan gaba bai taɓa samunsa ba shiri ba. Akwai wasannin da nake dawowa gida rigata ko ƙura babu, matata ta tambaye ni ko an fasa wasan ne. Wata rana a Minjibir wani ya hau masa gwiwa da takalmi, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta haɗu amma ba ta koma daidai ba. Ya koma gona, ya auri Susanna, suka haifi 'ya'ya mata huɗu. Ranar wasa yakan zo ya tsaya a bayan raga yana cizon yatsa.

Abin da ke sa shi cizon yatsa kowa ya sani. A garin nan duk yaron da ya iya tafiya lamba tara yake so, ko goma. Baya wurin da ake jefa mai ƙiba ne, da wanda bai iya ba, da wanda ba shi da takalmi. In mun ci, ɗan gaba ake ɗauka a kafaɗa har a saya masa lemo. In an ci mu, 'yan baya ake zagi har iyayensu. Da Alhaji Ɗanjummai, dillalin hatsi a Dawanau, ya ɗinka wa ƙungiya riguna ya zama shugaba, aka nemi koci aka rasa mai so, sai aka tuna da Levi. Alhajin nan kuwa shi ne mahaifin matata Aina'u, kuma shi ya ce a ba ni sakatare.

Levi bai tsaya kan 'yan gaba ba, ya ce waɗannan ko babu koci za su yi ta gudu. Ya ware yara huɗu da babu wanda ke rububinsu. Abba a dama, gajere mai taurin kai, wanda ya fi son bin mutum da bin ƙwallo. Praise a hagu, ɗan ƙanwar Susanna, dogo ne sosai, ƙafafu kamar karan dawa, in ya juya sai ka ji tausayinsa. A tsakiya Zachariah, wanda ƙarfi kawai yake da shi, sai Hadi. Hadi shekararsa goma sha biyar a lokacin, kuma ban taɓa ganin yaro mai ladabi irinsa ba. Ko mai babur ya sauke shi sai ya rusuna ya gaishe shi. In kana masa magana ƙasa yake kallo. Na ce wa Levi wannan ai limanci ya dace da shi, ba tsaron baya ba. Ya ce in bar shi, yaron yana ganin inda ƙwallo za ta tun mai ita bai ɗaga ƙafa ba, kuma wannan ba a koyar da shi.

Damina ta farko ko fili bai kai su ba da safe, gonar gyaɗarsa ya kai su. Nan fa 'yan zaman majalisa suka samu abin yi, wai Levi ya samu 'yan ƙodago na kyauta. Munafukai. Babu wanda ya faɗi cewa bi da bi yake yi, yau gonarsa, gobe ta baban Abba, jibi ta mahaifiyar Hadi, wadda mijinta ya rasu ta rasa mai yi mata noma. Yakan jera su huɗu, kowa da kunyarsa, shi yana bin su a baya da ɗingishi. Abba ya yi gaba, ya ce, "Kunya." Praise ya makara, ya ce, "Kunya." Ya hana su ɗaga kai su kalli juna, ya ce da gefen ido ake ganin ɗan'uwa, da kunne ake jin fartanyarsa.

Da yamma a fili sai ya mayar da abin ƙwallo. Dokar satar gida dai kowa ya santa: in aka turo wa ɗan gaba ƙwallo alhali ya wuce duk 'yan baya, mai tuta zai ɗaga, alƙali ya busa. Levi ya koya musu cewa da zarar ya kira kalmar nan, su huɗun su taka gaba tare, taku uku, su bar 'yan gaban abokan hamayya a bayansu kamar ciyawar da aka nome. In sun tafi tare, an gama. In mutum ɗaya ya makara da taku ɗaya, an buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Shekarar farko mun sha kashi, ban ɓoye ba. Akwai ranar da aka zura mana bakwai, Zachariah ya ci gida da kansa sau biyu. Levi ko a jikinsa. Ya ce ɗan gaba a wata uku yake nuna kansa, ɗan baya kuwa sai ya yi kuskure ɗari a gaban jama'a kafin ya zama mutum, kuma babu wata hanya da ta fi wannan gajarta. Shekara ta biyu bakwai ta koma biyu. Ta uku, a gasar hutun makaranta da ake yi a watan Agusta, muka yi wasa biyar ƙwallo biyu kacal aka ci mu. Praise ya cika, ya daina faɗuwa. Abba ya koyi haƙuri. Levi ya gaya mini abu ɗaya ya rage: har yanzu shi ke kira daga bakin fili, kuma layin da ke jiran murya daga waje bai zama layi ba tukuna. Yana so kiran ya fito daga bakin Hadi, amma Hadi ko sunan Zachariah ba ya iya kira da ƙarfi.

Wasan kusa da na ƙarshe ya haɗa mu da Tsamiyar Dogo, a filinsu. Lamba taransu Munir ne, ƙanin mahaifiyar Hadi uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya goya Hadi a keke ya kai shi makaranta ranar farko, shi ya tsaya a kansa da babansa ya rasu. Kafin a take wasa, a tsakiyar fili, gaban mutum ɗari uku, Hadi ya je ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina wuni." Fili ya ɗauki dariya. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini. Levi bai yi ba.

Duk da haka yaran sun riƙe wasa. Sau biyar mai tuta yana ɗagawa, Munir ya fara huci yana zagin masu ba shi ƙwallo. Abin da na lura da shi, Hadi bai taɓa jikin kawunsa ba ko sau ɗaya, yana tare masa hanya ne daga nesa, kuma saboda yana da ido abin yana yi. Saura minti kaɗan a tashi, babu ci, ɗan tsakiyarsu ya ɗaga kai zai turo. Levi ya kira. Abba, Zachariah da Praise suka taka. Hadi ma ya ɗaga ƙafa, sai ya ga Munir tsaye daf a gabansa. In zai wuce sai ya bangaje shi da kafaɗa. Sai ya kauce, ya zagaya shi, yadda yaro ke zagaya babba a ƙofar zaure. Taku ɗaya ke nan. Ƙwallo ta zo, tuta ba ta tashi ba, Munir ya juya ya jefa ta a raga.

Levi na bakin fili yana ta kira, "Kunya, Hadi, kunya." Kunyar gona da kunyar ido a baki muryarsu ta bambanta, amma wa ke jin bambanci a cikin ihu? Wani daga cikin mutanenmu ya ɗaga murya ya ce ai ita ce ta kashe mu. Kafin mu iso gida an raɗa wa yaran suna, ana ce musu amaren Levi.

Kwana biyu bayan nan aka kira kwamiti a zauren Alhaji bayan la'asar. Mu bakwai ne, Levi na takwas, yana zaune daga bakin ƙofa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Alhaji ya yi magana mai tsawo. Ya ce shi a Dawanau an yi masa dariya. Ya ce shekara uku ana renon yara kamar kaji, ranar da ake bukatarsu suka tsaya gaisuwa. Ya ce a birni akwai ƙarti 'yan baya da aka riga aka gama gyarawa, waya kawai za a buga su hau mota su zo. Mutumin da bai taɓa taka ƙwallo ba, wanda ko dokar satar gida bai sani ba, shi ke yanke wa yaran nan hukunci, sauran kuma suna gyaɗa kai saboda rigunan da ya ɗinka.

Levi bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙwallo uku a wasa shida ba abin kora ba ne. Ya ce abin da Hadi ya yi tarbiyyar gidansu ce ta biyo shi fili, kuma ya san yadda zai raba su. Ya ce, "Damina ɗaya nake roƙo, Alhaji. In ba su tsaya ba, ni zan kawo muku usur ɗin da kaina."

Sai Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce ni na tsare raga shekara da shekaru, na fi kowa a nan sanin 'yan baya, in faɗi abin da na gani. Na san in na yi magana mutum uku za su bi ni, domin sun gaya mini a waje. Na san abin da zan ce, tun a hanya na shirya shi. Amma surukina ne ke zaune a kan darduma yana kallona, a zaurensa, inda na durƙusa aka ba ni Aina'u. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa ambatar sunansa ba, balle in ce masa ya yi kuskure a gaban mutane. Na dubi tabarma na ce, "Duk yadda kuka gani, Baba."

Shi ke nan aka ce in rubuta takardar korar.

A waje Levi na sa takalminsa, yana dafe da bango. Na matsa zan ba shi haƙuri. Bai dube ni ba ya ce, "Hadi shekararsa goma sha bakwai, kuma taku ɗaya ya makara. Kai fa, Sama'ilu?"

Ya juya ya tafi da ɗingishinsa.

'Yan hayar suka fara zuwa. Ranar wasa za su sauko daga motar Kano da jakunkuna a baya da abin jin waƙa a kunne, wani lokaci ko sunan juna ba su sani ba, domin wanda ya zo wannan mako ba lallai shi zai zo mako na gaba ba. Ƙarfi kam akwai, tsalle akwai, amma kowa gonarsa yake nomawa. Sabon kocin ɗan ƙanin Alhaji ne, dabararsa ɗaya ce, ya ce a buga ta gaba. Yaran Levi suka koma benci. Wata huɗu suna zuwa atisaye kullum, ba a sa su ko minti ɗaya ba, 'yan kallo na wucewa suna tambayarsu yaushe za a kai lefe. Da idona na ga Zachariah, ƙaton nan, ya juya baya yana share hawaye. Na ga wannan ma na yi shiru.

Wanda ya san darajarsu shi ne wanda ya ci su. Munir ya zo gidan yayarsa ya gaya mata cewa tunda yake buga ƙwallo bai taɓa shan wuya irin ta ranar ba, kuma garin da ya ajiye yaran nan a benci bai san abin da yake da shi ba. Daga nan ya wuce gonar Levi neman izinin ɗaukar yaran huɗu zuwa Tsamiyar Dogo. Levi ya ce masa yaran ba awakinsa ba ne, su tafi inda za a bar su su yi kuskure. Abu ɗaya ya roƙa, kullum a atisaye a haɗa Hadi da kawunsa. An ce Munir ya kira yaron gefe ya ce masa a gida shi kawu ne, a fili kuwa duk ranar da ya wuce shi bai kai shi ƙasa ba, to ranar ya raina shi. An ce sai da aka yi wata biyu kafin Hadi ya fara kayar da shi, kuma ranar farko da ya yi, ya tsaya yana kaɗe masa ƙura yana ba shi haƙuri.

Levi bai sake taka filinmu ba. Gonar gyaɗarsa kuwa tana nan daf da fili, layin dogonyaro ne kawai ya raba su, don haka duk ranar wasa yana jin komai.

Agusta ta zagayo, ƙuri'a ta sake haɗa mu da Tsamiyar Dogo, wannan karon a gida. Suka fito su huɗu a jere cikin koren riga, rigar da ba tamu ba. Hadi ya zo ya gaida Alhaji har ƙasa, ya gaishe ni, ya koma wurinsa. Minti biyar da farawa ɗan tsakiyarmu ya ɗaga kai zai tura, sai wata murya ta tsaga fili, muryar da babu wanda ya san yaron nan na da ita. Su huɗu suka taka kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, 'yan gabanmu biyu suka tsinci kansu su kaɗai, tuta ta tashi. Aka sake, aka sake. Na ƙirga har tara. Golansu ya jingina da ƙarfen raga yana hira da yara.

Mutanenmu kuwa, da suka ji ana ta kiran kunya, sai suka ɗauka gori ake yi mana. Aka fara jifa da ledar ruwa. A hutun rabin lokaci Alhaji da kansa ya tashi da babbar rigarsa ya je wurin alƙalin wasa, wai a ja wa yaron nan kunne, yana zagin manya a garinsu. Shekara uku ana kiran kalmar nan a filin da yake shugabanta, bai taɓa tambayar me take nufi ba. Ina tsaye kusa da shi, kuma ko a nan ban gyara masa ba.

Da suka ci mu ta biyu na kasa zama. Na bi ta cikin dogonyaro na shiga gonar. Levi na duƙe shi kaɗai da fartanya. Na lura kunyar da ke bakin fili an nome ta fes har ƙasa ta yi laushi, an maimaita an sake maimaitawa, sauran gonar kuwa ciyawa na nan tsaye. Na yi masa sannu da aiki, ya amsa bai ɗago ba. Can ya ce satar gida ta huɗun an kira ta da wuri, ya ji usur ya yi jinkiri, da alama Praise bai gama shiri ba. Na ce haka aka yi.

Na ce masa zan yi magana a kwamiti, wannan karon zan yi, a dawo da shi, a je a ba yaran haƙuri. Ya miƙe a hankali yana dafe da gwiwa, ya dube ni, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Damina ɗaya na roƙa, Sama'ilu. Ga ta nan ta zo, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Wa zai dawo?"

Kafin in buɗe baki muryar Hadi ta sake tasowa daga bayan bishiyoyi. Levi bai ma san ya yi ba, ƙafar nan tasa mai ciwo ta ɗaga ta tsallake kunya, taku ɗaya, biyu, uku, ya tsaya yana sauraro har usur ya busa. Sannan ya waiwayo. Ina nan a inda ya bar ni.